Kaurar Malam Ummaru

Shekara goma sha uku ke nan da muka binne mahaifinmu, Malam Ummaru, a ƙauyenmu da ke yamma da Bukkuyum. Har yau in hadarin farko ya haɗo, shi nake tunawa.

Baba ba mai sakin fuska ba ne, amma bai taɓa hana kowa iri ba. Da kaka yakan bi gonarsa ya zaɓi zangarniyar dawa mafi cika, ya ɗaure, ya rataye a rumbu. Ruwa na sauka maƙwabta za su zo da ƙwarya. Yana ɗibar musu yana faɗa: "Kai, shibka za ka yi ko tuwo?" Ladansa shi ne a dawo masa da zangarniya mai kyau bayan girbi. Haka dawar ta zagaye ƙauyuka, har ana kiranta kaurar Malam Ummaru.

Bayan rasuwarsa wakilin wani kamfani ya buɗe shago, da irin masara a leda da takin zamani. Gaskiya masarar ta yi albarka, rumbuna suka cika, kowa ya koma can. Daga baya muka gane cewa in ka sake shuka abin da ka girbe, sai kara da ganye. Kowace damina dole ka koma shago, kuma mai sayar maka da irin shi ne mai sayen amfanin a farashin da ya ga dama. Da Baba na nan, na san zai tambaya wane irin iri ne wannan da ba a iya ba maƙwabci. Abin yana ci mini rai.

Bana ƙanena Sani, wanda ke riƙe da gonar gidanmu, ya rantse ya bar masara. Ya nemi kaurar gida gida, har Gummi da Anka. Kowa ya san sunanta, yana yabon tuwonta, yana yi wa Baba addu'a. Ƙwaya ɗaya ba a samu ba.

Da ya dawo ya tambayi Inna damin ƙarshe da Baba ya rataye.

"Shekarar da 'yan bindiga sunka hana mu zuwa gona," in ji ta, "mi kake zato kun ci, kai da ɗiyanka?"

Allah Ya jiƙan Baba. Ranar kasuwa na raka Sani shagon wakili, muka bi layi.