Begilar Kawu a Hanyar Mahuta

Abin da zan faɗa ya ɗan kwana biyu, kuma a ranar hankalina ba a jikina yake ba. Mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini, a yi mini uzuri.

Kulob ɗin ƙwallon garinmu, yadda na ji daga manya, 'ya'yan sojoji ne suka fara shi a wani fili bayan kasuwar Zuru. A hankali ya shiga gasa, har ya kai ana biyan 'yan wasa albashi. Ya taɓa durƙushewa, ya sake miƙewa. Abin da bai canja ba shi ne al'adar magoya baya: duk inda za a buga wasa, a raka ƙungiya a jere, a da kan kekuna, daga baya kan babura, kawuna yana gaba da begilarsa, ƙahon soja na tagulla. Tsohon soja ne, ƙanen mahaifiyata. Akwai wata gajeriyar busa da yake yi idan an ci ƙwallo, wadda kowane yaro a ƙasar nan ya iya ta da baki.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, maganar 'yan bindiga ce a bakin kowa. Aka sa mana wasa a wajen Mahuta. Ni dai ban so zuwa ba.

Kawu ya ce, "Ɗana, kai da ka yi digiri, faɗa mini. Babur ɗaya ake tarewa, ko rundunar babura?"

Na ce ina jin ɗaya ne.

"To, tada injin."

Duk mun yarda yawanmu shi ne tsaronmu, har da ni.

Mun ci wasan. A dawowa, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, sai aka ce a yanke ta wata hanyar ƙauye don mu riga ruwa. Damina ta yi nisa, dawa ta shanye tsayin mutum. Mutane suka zura baƙaƙen rigunan ruwa a kan rigar kulob, suka naɗe tutoci a jikin sandunansu suka rataya a kafaɗa, uku-uku a kan babur. Ni na goya kawu, mu ne a gaba.

Abin da na fara gani kwano ne a kife tsakiyar hanya, masara ta watse, ga takalmi ƙafa ɗaya. Can sai na hango mata suna hawa dutse da gudu, suna jan yara, ba mai ko kuka. Na ɗauka 'yan bindiga ne suka biyo mu. Na waiwaya. Ban ga kowa ba sai mu: dogon layin babura, baƙaƙen kaya, dogayen abubuwa a kafaɗa. Ashe mu suke guje wa.

A bakin ƙauyen an gitta gungume. Daga cikin dawa wata murya ta ce mu kashe injin. Masu gadin ƙauye ne, da bindigogin gargajiya. Ɗaya ya fito fili, magidanci ne, bakin bindigarsa na rawa, ya saita ta a ƙirjin kawu. Rawar nan ta fi komai ba ni tsoro.

Kawu ya sauka, ya taka a hankali ya yi gaba shi kaɗai. Begilar na rataye a cikin rigar ruwansa. Ya sa hannu ciki.

Mutumin ya ce, "Baba, fito da hannunka."

"Da shi nake fitowa, ɗana. Kai dai riƙe yatsanka."

Abin da ke zuwa mini kawai shi ne me zan je in faɗa wa mahaifiyata. Tagullar ta leƙo, tana ƙyalli. Na runtse ido.

Busar farko iska ce kawai ta fita, don bakinsa ya bushe. Ya haɗiyi yawu ya sake. A karo na biyu ta fito, a karkace, amma ita ce, busar cin ƙwallo.

Sai wani dattijo ya fito daga bayan wata bishiyar ɗorawa, ya sauke bindigarsa.

"Ashe mai begilar Zuru ne. Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

Kawu ya ce, "Kai nake jira ka share mini hanya."

"Kun ci, ko an ci ku?"

"Mun ci."

"Kun dai sayi alƙalin wasa, kamar yadda kuka yi mana muna samari."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Magidancin nan ya ajiye bindiga ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. An daɗe ana kiran mata kafin su yarda su sauko, ruwa ya same mu a nan. Wata tsohuwa ta faɗi a kan dutse ta karye a hannu. Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, ta kawar da kai.

Tun daga ranar, a iya sanina, ba a sake rakiya a jere ba. Yanzu bas ake ɗauka, a kuma buga waya ƙauyukan da ke kan hanya kafin a tashi. Kawu na busawa a filin gida, amma ya daina bin ƙungiya waje. Cewa yake gwiwa ce ke damunsa.

Wasu sun ce an yi harbi sama, ni ban ji ba. Wasu sun ce dattijon ya gane kawu tun kafin busar. Duk wanda yake wurin, musamman mutanen ƙauyen, idan ya tuna abin ba haka ba, don Allah ya aiko mini da gyara. Ranar wasa ina zama kusa da mai begila.