Rediyon da Ke Farkawa da Azahar

Mahaifina ya rasu a tsakiyar bazara, a gidanmu da ke Paki, ya bar wani ɗan rediyo na murzawa, irin wanda ake juya hannunsa ya yi caji. Ni na gyara masa shi. Da batirinsa ya mutu na cire, na sa sufakafasita, wata 'yar aba kamar gwangwani mai shan caji nan take. Ita nake nazari a Zariya, kuma a lokacin ji nake na san ta ciki da bai.

Da safiyar ranar da zai rasu ya murza shi sosai, ya saurara har muryar ta ɗauke, bai kashe ba. Haka aka bar shi a ɗakin da Inna ta shiga takaba.

Bayan an share makoki, wata azahar, kwanon ɗaki ya ɗauki zafi, gidan ya yi tsit, sai rediyon ya yi gyaran murya. Wani namiji a cikinsa ya faɗi rabin kalma can ƙasa-ƙasa, ya yi shiru. Ina bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, tsikar jikina ta tashi. Washegari ma haka. Matan da ke zuwa gaisuwa suka fara tsayawa daga tsakar gida.

Na san dalili, amma sanin bai hana ni jin tsoro ba. Cikin gwangwanin gawayi ne mai ƙananan ramuka. Cajin da ke baki-baki shi ke fara ƙarewa, wanda ya nutse can ciki kuwa a hankali yake tsattsafowa, kamar rijiyar da aka kwashe. Zafi na sa shi saurin fitowa, sanyi na daƙile shi. A kwamfuta muna zana wannan da rassa biyu, mai sauri da mai nawa. Na zuba zafin ɗakin a lissafin, ya nuna mini layi yana gangarowa: kullum muryar za ta ragu, har ta ƙare.

Na yi wa Inna bayani don hankalinta ya kwanta. Ashe ba tsoro take ji ba. Jira take. Ba ta taɓa abinci sai rediyon ya yi motsi, sannan ta jawo kwano.

Muryar ta koma shaƙuwa, shaƙuwar ta koma huci. Ran da hadarin farko ya haɗo daga wajen Ikara, ɗakin ya yi sanyi. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, tuwonta na rufe. Tausayinta ya kama ni, na lallaɓa na miƙa hannu zan murza.

"Kai, bar shi," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Abin da hannunsa ya zuba nake saurare. In ka murza, naka ne."

Na janye hannuna. Muka zauna, ni da ita, muna jira.