Karen Doreen da Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Rufewa

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na unguwar Longsight ba ta icce ba ce. Wutar gas ce mai garwashin ƙarya, irin wanda zai shekara yana ja bai zama toka ba. Ranar da Kaka ta fara ganinta sai da ta ce a ba ta masara ta gasa. Da aka ce mata ba ya gashi, ta ƙura wa garwashin ido ta ce, "Ashe har wuta ma a garin nan zaman ado take yi."

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga ƙauyenmu na wajen Funtua aka ɗauko ta, wai ta zo a duba mata hawan jini ta koma. Ƙanwata Ummi tana goye aka kawo Kaka. Har Ummi ta yi baki ta fara gyara wa mutane Turanci, Kaka tana nan ana duba hawan jini.

Kuma fa ba ta iya tsare Baba ta ce masa gida take so. Ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ko ruwa take so ya miƙo mata sai ta gaya wa bango. Mu ne wayar tarhonta. Yana zaune kusa da ita, gwiwa na gugar gwiwa, za ta juyo ta ce mini, "Maigida, gaya wa mutumin nan damina ta kusa." Maigida take ce mini, mijin da ko gishiri bai taɓa sayo mata ba. Baba kuwa, likita ne, amsarsa ɗaya ce kamar an rubuta masa a takardar magani: "Bari sanyi ya wuce, Inna."

Jama'a, a Manchester! Sanyin Manchester ba wucewa yake yi ba. Zagayawa yake ta bayan gida ya sake shigowa ta taga.

Kar ku ce wulaƙanta ta aka yi. Wallahi gata har ya yi mata yawa. Leshi, atamfa, rigar sanyi a kan rigar sanyi har sai ta zama kamar buhun auduga. An hana ta gishiri, an hana ta goro, an hana ta man shanu. Tun da ta taɓa zamewa a kan ƙanƙara a hanyar kasuwa aka hana ta fita ita kaɗai. Ran Lahadi abokan Baba su zo gaisuwa, a sa mata sabon gyale, a zaunar da ita a kujerar da ta fi kyau, su ce, "Kai Dokta, Hajiya ta yi fes, Allah ya yi maka albarka." Ita kuma ta yi ta murmushi tana murza carbi.

Abin da ya rage mata shi ne tagar kicin. Ta nan ake hango bayan gidan maƙwabciyarmu Doreen, wata Baturiya tsohuwa da ke zaune ita da karenta. Irin karen nan ne spaniel, ja, mai kunnuwa kamar an rataya masa tsumma biyu. Yana da wani dogon suna da ya fi na ɗan majalisa, amma Kaka Ango ta sa masa, don ta ce ba ta taɓa ganin wanda ake shiryawa kullum ba a kai shi ɗaki ba.

Doreen gasar karnuka take kai shi, babbar kuwa ita ce ta Birmingham da ake yi idan hunturu ya zo ƙarshe. Shirin kuma ba ya ƙarewa. Ta ɗora shi a kan wani teburi mai sandar ƙarfe, ta zarga masa igiya a wuya don kar ya sunkuya. Ta fara da buroshi, ta bi da mataji, sili-sili, tun daga kunne har gezar ƙafafu da ta ciki. Gashin bayansa ba a sa masa aska, da yatsu take tsinke matattun, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai almakashi mai haƙora na rage cunkoso a wuya, sai wani ƙarami na tsakanin yatsun ƙafa. Ta yi masa wanka, ta busar da shi da na'urar busar da gashi, ta naɗe masa baya da tawul ta maƙale da fil, wai don gashin ya kwanta. In zai ci abinci sai ta tura kunnuwansa cikin wani abu kamar ƙafar wando, kar su faɗa kwano. Ciyawa in da raɓa, haram. Taɓo, haram. Faki, wato filin shaƙatawar da ke ƙarshen layinmu, inda karnukan talakawa ke tsere, Ango sai dai ya ji labari.

"Innalillahi," in ji Kaka, hancinta a jikin gilashi. "Maigida, zo ka ga kare da ɗankwali. Kai kuwa kanka kamar saƙar tsuntsu."

Na ce, "Tsohuwa, in yana burge ki in kai miki gaisuwa, na sake ki."

Ta kai mini duka da ludayi. Amma ba ta bar tagar ba. Da farko dariya take yi. Daga baya ta daina dariyar, kallon kawai take yi.

A ƙa'idar Kaka ba a tatsuniya da rana. To a hunturun Manchester kafin mu cire takalman makaranta duhu ya yi, don haka ana idar da magariba za ta baje a gaban garwashin ƙarya, Baba yana can kujerarsa ya ɓuya bayan jarida. Ta ce, "Ga ta nan, ta sha sanyi ta iso." Mu ce, "Ta shigo ta rufo ƙofa." Hausarmu a lokacin duk ta karkace, sai Kaka ta toshe kunne ta ce muna magana kamar mun cika baki da ɗanwake mai zafi.

A hunturun nan ne ta fito da wata sabuwa.

Wai an yi wata karyar farauta a wani ƙauye. Mai ita ya mutu ya bar ɗan yaro, ita ta riƙa shiga daji tana kamo zomo da gafiya har yaron ya girma. Ya tafi birni, ya yi arziki, ya gina soro. Sai ya ce wallahi karyar nan ta gama taka ƙaya. Ya ɗauko ta, ya shimfiɗa mata kilishi a gindin ginshiƙi, ya sa ana shafa mata mai, ana taje ta safe da yamma. Baƙi su zo su ce, kai, wannan yaro ya san alheri. Gashi ya yi ta tsawo, ya sauka ƙasa, ya zagaye ginshiƙin, ya sake zagayewa. Ba wanda ya ɗaure ta, in ji Kaka, ko zare ba a sa mata ba. Gashinta ne kawai. Ran nan hadari ya haɗo, iska ta kawo mata ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Ta miƙe za ta fita, gashi ya fizgo ta.

"Sai me?" in ji Ummi.

"Sai ta kwanta."

"Sai me kuma?"

"Tana nan kwance."

Na ce, "Haba Tsohuwa, wannan ai cuta ce. Ina ƙarshen? Rufe mana ita."

"Ba ni da murfin," in ji ta. "Ku tambayi mai jarida."

Jarida ta motsa kaɗan. Ni fa a lokacin na ɗauka Doreen ake zagi. Kuma ko a yau, wanda ya isa ya ce Kaka da kare ta kwatanta kanta, ya fito, sai ta taso daga kabari da ludayinta. Kullum da magariba tatsuniyar nan, kullum gashi ya ƙara tsawo. Duk abin da ta gani ta taga sai ya shigo ciki: yau an sa wa karya ɗankwali, gobe an naɗe ta da tawul. Ni ma na riƙa ƙara nawa, na ce gashin ya fita ta ƙofa ya bi Stockport Road har bas ya taka. Kaka ta ce, "Ƙarya dai kake, amma ci gaba." Kullum kuma a wuri ɗaya take tsayawa. Baba ya karanta shafi ɗaya na jarida har hunturu ya kusa ƙarewa.

Sai ranar Birmingham ta zo. Doreen ta fito da Ango a cikin keji, ɗauke, ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Yana sheƙi kamar an zuba masa manja. Kaka ta ɗaga masa hannu ta taga ta ce, "A sauka lafiya, Ango, Allah ya sa amaryar ta yarda."

Sun dawo da wani ɗan ƙyalle mai fure na lambar yabo, ba na ɗaya ba. Washegari muna kicin muka ga an ɗora shi a teburi kamar kullum. Amma maimakon mataji sai Doreen ta ɗauko injin aski. Zuuu! Gezar ƙafa ta zube. Zuuu! Ta ciki ta bi. Gashin da aka yi shekaru ana lallaɓawa ya taru a ƙasa kamar sharar wanzami.

Kaka ta dafe ƙirji. "Maigida, ruga ka tambayo ta, ko ta zautu ne?"

Na leƙa ta katanga na tambaya. Doreen ta ce ya tsufa, gasar jiya ce ta ƙarshe, ya gama aikinsa, yanzu sai ya je ya zama kare. Na dawo na fassara wa Kaka yadda na iya.

Da la'asar ta kai shi faki. Abin da ya dawo ba Ango ba ne, wani dunƙulen taɓo ne mai harshe. Ƙaya a kunne, ganye a wutsiya, yana ɗingishi don ya taka wani abu, amma bakin nan a buɗe har wuya. Kaka ta yi dariya har ta riƙe bakin sink ɗin wanke-wanke, har hawaye. Da dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba, sai ta ce albasa ce. Ba wanda ke yanka albasa.

Da magariba ta yi tatsuniyar, ta tsaya inda ta saba. Ummi, wadda ba ta san kunyar kowa ba, ta tashi ta je ta janye jaridar nan ƙasa.

"Daddy, wai kai ne da murfin."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Ku gaya wa mai tatsuniya, a dajin nan babu asibiti. In aka sake ta ta faɗi, kafin a kai ta gari an makara."

Kaka ba ta juyo ba, garwashin take kallo. Ta ce, "Ku gaya masa ta sani. Ku gaya masa da ƙaya a ƙafarta ta yi renon mai soron."

Ni da Ummi ba mu gaya wa kowa komai ba, mun dai bi su da ido. Wutar gas tana ta hucinta. Can sai Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To. A kawo almakashi."

"Aka kawo," in ji Kaka, da sauri kamar kar ya fasa. "Aka yanke, ta fita da gudu ko sallama babu. Ƙurunƙus kan Ango, na rufe, kowa ya tashi ya ba ni wuri."

Kafin ruwan fari Kaka ta koma gida. In an kira ta a waya sai ta yi ta yi mana gori: ta ci goro, ta shuka kuɓewa, ta je suna har ƙauye na gaba da ƙafa. Ta ce mini, "Maigida, na yi sabon miji, wannan yana da gona." Ba ta daɗe sosai ba. Wata ranar kasuwa ta yanke jiki ta faɗi, kuma kafin a samo mota a kai ta gari an makara, daidai yadda Baba ya faɗa. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Bai kuma taɓa cewa bai yi ba.

Yanzu ni ne da gida a unguwar Sparkbrook, a Birmingham. Duk shekara in gasar nan ta zo sai in ga karnuka masu ɗankwali a tasha, in yi dariya ni kaɗai kamar wanda ya zare. Baba yana wajenmu tun rasuwar Mama, da ciwon suga da gwiwar da ta ƙi. Ni nake kai shi wajen GP, likitan unguwa. Ni na hana shi shayi mai sukari. Ran Juma'a in goge masa babbar riga, in kai shi masallaci a Stratford Road, mutane su ce, "Kai Sadiq, Dokta ya yi fes, Allah ya yi maka albarka." In ji daɗi kuwa har cikin raina. Da can na ɗauka darasin tatsuniyar mai sauƙi ne, ka saki kawai. Ashe wanda bai riƙe almakashin ba ne yake ganin sauƙinsa. Na ji dariyar Kaka a waya, na kuma ga fuskar Baba ranar da aka kira daga Funtua, kuma har yau ban san wacce zan bi ba.

Juma'ar da ta wuce na zaunar da shi a kicin, na yafa masa tawul a wuya, ina taje masa gemu ina ragewa. Sai ga 'yata Hanan ta shigo tana tura baki.

"Daddy, Grandad ya yi mini tatsuniyar wata karya mai dogon gashi, ya ƙi gamawa. Wai kai ne da murfin."

Mataji ya tsaya mini a gemu. Baba bai dube ni ba, tagar yake kallo.

Na ce, "Bari sanyi ya wuce, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗaga mini haɓa don in ji daɗin ragewa.

"Haka na riƙa cewa," in ji shi.