Graciete Mai Bas da Filayen Golf na Algarve

A garin Olhão da ke bakin teku a yankin Algarve, duk wanda ya san Graciete Baião ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. Tun tana 'yar shekara sha biyar ta shiga masana'antar kifin gwangwani, tana yanke kan sardin daga safe har la'asar. Ta sha faɗa cewa ba ƙarnin kifin ne ya ishe ta ba, tsayuwar ce. Ranar da aka rufe masana'antar sauran mata suka zauna a bakin ƙofa suna kuka, ita kuwa ta wuce kai tsaye ta nemi inda ake koyon tuƙi.

Daga nan ta zama direbar ƙaramar bas. Takan kwaso baƙi daga filin jirgin Faro, mutanen Ingila da Jamus da Suwidin, kowa da doguwar jakar sandunansa na golf, ta kai su otal, washegari ta kai su filin golf. Tuƙin bai taɓa gundurar ta ba. Jiran ne bala'i. Sai baƙi su shiga fili su yi awa biyar, sauran direbobi su baje a inuwa suna karta ko gyangyaɗi, ita kuwa tana zagaye wurin ajiye motoci, ta goge gilashi, ta sake goge shi.

Wata rana a wani fili kusa da Vilamoura, dattijon da ke ba 'yan wasa izinin farawa, Senhor Custódio, ya gaji da ganin gilmawarta.

"Dona Graciete, don Allah kina sa ni jiri," in ji shi. "Ga sanda, ga kwandon ƙwallaye. Je ki can ki huce haushinki a kansu."

"Ni? Wannan wasan marasa aikin yi?"

"To ke yanzu aikin me kike yi?"

Ta karɓa don kawai ta rufe masa baki. Ta kai duka ta sari ƙasa, ta sake ta sari iska. A wajen na goma sha wani abu, sandar ta samu ƙwallon daidai, ya tashi fari fat ya yi sama, ya je can ya sauka. Lokacin shekarunta arba'in da tara. Kafin baƙinta su fito ta ƙarar da kwando uku, tafin hannunta duk ya yi bororo.

Da bazara ta yi, zafi ya kori baƙi, filaye suka sassauta wa 'yan gari kuɗin shiga da rana tsaka, lokacin da ba mai hankalin da zai fito. Graciete ta sayi sanduna na hannu, ta fara bin filayen ɗaya bayan ɗaya. Yau tana Castro Marim a bakin kogin da ya raba su da Sifen, wani makon tana can yamma wajen Vila do Bispo inda iska ke ƙwace hula daga kan mutum. Ba ta maimaita fili sau biyu a jere. In ta gama rami na goma sha takwas, wato na ƙarshe, tun tana saka sanduna a bayan mota hankalinta ya riga ya tafi fili na gaba. Wasanta ma haka yake: ba ta gwaji, ba ta tsugunawa ta auna ciyawa, tana isa sai duka. Ingilishin da ta fi iyawa shi ne na neman a ba ta hanya ta wuce.

Mijinta Aníbal makanikin injin jiragen kamun kifi ne, mutum mai sanyin jiki, wanda zai iya shafe rabin awa yana cire ƙayar kifi guda. Bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa fahimta ba.

"Ke tsohuwa, duk fa ramuka ne," yakan ce. "Ramin Tavira da ramin Lagos ta nan Algarve, mene ne bambancinsu?"

"Kai da ka shekara arba'in kana leƙen cikin inji iri ɗaya, me za ka gane?"

"Aƙalla ni in na gama, injin yana tashi."

Shekara goma sha biyu aka yi a haka. Sai lokacin sabunta lasisinta ya zo, aka tura ta gwajin ido. Ita ta daɗe da sanin akwai matsala. Ta fi shekara tana ɓatar da ƙwallaye tana ɗora wa rana laifi, allunan hanya kuma da ka take karanta su, don ta haddace. Likitar ta haska idon dama, ta haska na hagu, ta daɗe a kan na hagun.

"Dona Graciete, na dama yanar ido ce ta rufe shi, ana iya aiki a cire. Na hagu kuwa daga ciki ya lalace, wannan ba ya gyaruwa. Ba zan sa hannu ba."

"Likita, shekara ashirin da biyu ban taɓa ko gogar bango ba."

"Na yarda. Ba zan sa hannu ba."

Ta mayar da mukullin bas ɗin ranar Juma'a, ta dawo gida a motar haya, a kujerar baya, tana gaya wa direban inda ya kamata ya bi.

Watannin da suka biyo baya maƙwabta ba su manta da su ba. Sau uku ta sauya wa kujerun falo wuri. Ta shafe bangon soro da farar ƙasa, bayan mako biyu ta sake shafewa. Aníbal ya dawo cin abincin rana wata rana ya tarar teburin ya koma tsakar gida. Yayarta Leonilde ta kawo mata zare da allurar saƙa.

"Zauna ki yi abin da matan shekarunki ke yi, ƙanwata."

"Yaya, in na zauna da wannan abin, wani zan soka da shi."

Ranar wata Talata ta zaɓi sanduna biyar, ta zuba a siririyar jaka, ta hau jirgin ƙasa mai bin gaɓar teku. Ta sauka bayan Tavira ta taka da ƙafa har wani filin golf. Hannunta bai manta komai ba. Daga ƙarar dukan ta san ƙwallon ya tafi lafiya, amma da ya tashi sai ya narke cikin farin sama. Ta yi ta lalube a ciyawa, masu zuwa a bayanta suna jira, ita da ta saba a kauce mata. Ƙwallo tara ta zo da su. A rami na shida na ƙarshen ya ɓace, ta rataya jaka ta koma tasha.

Da yamma ta ajiye wa Aníbal gasasshen kifi da dankali, ita ba ta ɗauki cokali ba.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

Ta gaya masa duka, tana kallon bango. Shi kuwa ya ci gaba da cire ƙayarsa. Ranta ya ɓaci har ta tashi ta bar masa wurin.

Talatar da ta zagayo, ta fito da safe ta gan shi a bakin ƙofa, sanye da rigar zuwa biki, ga hularsa, ga jakar sandunan a kafaɗa.

"Ina za ka haka?"

"Kafin in zama makanike ai masunci ne ni. Mutumin da ke hango alamar raga a tsakiyar teku, ƙwallonki ne zai gagare shi?"

"Shagon naka fa?"

"Injuna ba sa gudu. Ke ce mai gudu. Mu je kar jirgi ya bar mu."

Ranar farko kamar su cinye juna. Ta buga, ya kare ido da tafin hannu, ya yi ta bin ƙwallon da kallo har ta ƙosa.

"Ina yake? Yi magana mana!"

"Bari ya sauka tukuna. To. Hagu, gindin zaitun na biyu."

Ta zabura ta yi gaba, ta isa zaitun ɗin da ba shi ba, dole ta tsaya jiransa yana tafe yana jan ƙafa. A rami na huɗu ya tsaya hira da mai yankan ciyawa, wai injin yana wata ƙara da ba ta yi masa ba. Ta yi ta kiransa tsoho mai nauyin jiki, shi kuma yana ce mata ko akuya ta fi ta haƙuri. Amma sun kai rami na goma sha takwas da ƙwallon da ta fara da shi.

An yi mata aikin idon dama a Faro da kaka. Ta koma ganin fuskokin mutane da kyau, lasisi dai bai dawo ba. Talata ta zama ranarsu, daga baya Juma'a ta shigo. Aníbal bai taɓa riƙe sanda ba, ya ce shi ba yaro ba ne, amma ya san sunan kowane mai gyaran fili daga Tavira zuwa Lagos.

A bana ta ce filayen wannan gefen sun ishe ta, tana son na tsallaken kogi. Ya yi ƙorafin gwiwa kwana uku, a na huɗu suka hau jirgin fito zuwa Ayamonte ta ƙasar Sifen. A rami na biyu ta yi wani duka mai daɗin ƙara, ta juyo tana jiran ya faɗa mata inda ƙwallon ya sauka. Shi kuwa idonsa na kan wani jirgin kamun kifi da ke shigowa kogi yana hayaƙi.

"Aníbal! Ina ya sauka?"

"Wallahi ban gani ba. Kin ji yadda injin can ke tari?"

Ta zage shi tas, da harshensu da na mutanen Sifen. Sannan suka shiga doguwar ciyawa tare, shi ta dama ita ta hagu, suna tona ta da ƙafa.