Zuwa Isa Saboda Gurbin Ɗiyata a Aji

Mun tashi da asuba, amma tashin kawai munka yi, don a yanzu ba mai kama hanyar Isa sai rana ta ɗaga. Ni na tada gidan tun kafin kiran salla. Na ɗaure ledar guzuri, na kwance na duba, na sake ɗaurewa. Yayata, wadda za ta raka mu, ta ce in na ƙara taɓa ledar nan za ta koma ta kwanta.

Waɗanda sunka san ni sun san ba na son tafiya, don haka bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ina da ɗiya, ita ce ta fari. Ta kusa shekara goma amma har yau tana aji biyu. Gab da hutu malaminsu ya same ni a rumfar da nake awon hatsi. Ya ce aji ya cika da yaran mutanen da sunka gudo daga ƙauyukansu, wasu a ƙasa suke zama, wasu a bakin taga. Ya ce yarinyar ba ta ɗaukar komai, in ya yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. In an dawo hutu, gurbinta na benci wani yaro za a ba. Bai faɗa da wulaƙanci ba, mutum ne da aiki ya yi wa yawa. Amma ni a firamare na tsaya, da ita nake karatu da rubutu, kuma tun ranar nan abin da ke cina shi ne ɗiyata ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba za ta samu ba.

Tana ƙarama ta yi zazzaɓi mai tsanani, kunnuwanta sunka daɗe suna ruwa. Tun daga nan in na aike ta sai ta tsaya kamar ba da ita ake ba. Abin da ya ruɗa mu shi ne da gwaggonta, wato yayar tawa, hira suke har da shewa. Shi ya sa a gida wasu ke cewa taurin kai ne, wasu na cewa iska ce. Wani mai sayen dawa a wurina ne ya ba ni labarin wata malama a Isa da ta yi kwas kan koyar da yara masu irin wannan matsala, ya ce ko a hutu tana zama da su.

Babura biyu sunka kai mu Sabon Birni. Gero ya yi tsawo ya rufe hanya dama da hagu. Da can in na ga gero haka daɗi nake ji. Yanzu kuwa sai in riƙa tunanin wa ke tsaye cikinsa. Duk karan da ya motsa sai na ƙara damƙe rigar ɗan kabu-kabu, har ya ce in sassauta masa ya samu ya yi numfashi.

A tasha motar ta cika da wuri, amma direba ya ƙi tashi. Al'adar yanzu ke nan: sai motar farko ta iso daga Isa an ji lafiyar hanya. Munka zauna muna kallon titi. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, ba kuma wanda ya yi ciniki. Cikin motar akwai wani ɗan kasuwa da ya shigo daga Nijar da katan-katan na taliya, yana ta ƙorafin canjin sefa, da mata masu zuwa cin kasuwar Bafarawa, da wani dattijon Bafulatani rungume da kwalin maganin shanu. Da motar Isa ta shigo, direbanta ya ɗaga hannu ta taga, sai namu ya tada inji ya ce, "Mai waya ya sa ta shiru. Mai tsoro shi ma ya sa shi shiru." Ni ya duba ta madubi.

Hanyar ramuka ce da kwatami, ruwa ya cinye gefenta a wurare da dama. Kusa da garuruwa gonaki sun yi kyau, in an yi nisa kuwa sai ciyawa a inda na san ana noma. A wani shinge wani soja ya leƙo, ya yi wa yarinyar murmushi ya tambayi sunanta. Na ga ta kafa masa ido tana shirin buɗe baki. Na taɓa gwiwarta da sauri don ta sauke kai, kada a ce ba ta da tarbiyya. Ta sauke. Ya sake tambaya, ba ta ce komai ba, sai gwaggonta ta amsa.

Can gaba salansar wani babur ta yi ƙara kamar bindiga. Duk motar munka duƙa, har ɗan kasuwar ya cusa kai cikin taliyarsa. Da munka ɗago ana dariyar kunya, na ga ɗiyata zaune yadda take, tana kallon belbela a bayan shanu. Ban yi dariya ba. A wurin na tabbata ba taurin kai ba ne.

Mun shiga Isa da hantsi. Kasuwa ta fara cika, ga sabuwar gyaɗa dafaffiya, ga masara a kan garwashi. Yayata ta saya wa yarinyar masara, ta sa wata Bafulatana ta dama mana fura. Nonon mai kyau ne, kindirmo, amma ko kurɓa ban yi ba. Tunanina in malamar ta ce ba abin da za a iya fa? In kuma ta yi tafiya? In ta ce sai makarantar kurame a Sakkwato, wa zai bar ɗiya mace can ita kaɗai?

Mun tarar da malamar gindin darbejiya a farfajiyar wata firamare, da yara kaɗan a kan tabarma. Ɗaya ya kai littafi har kan hancinsa. Wani ba ya iya zama wuri ɗaya, ta ba shi aikin raba duwatsun lissafi, yana yi yana murna. Bayan gaisuwa ta tambaye ni sunan yarinyar. Na dubi yayata.

"Ɗiyar fari ce, Malama," in ji yayata. "Wanga ko za a yanka shi ba ya faɗin sunanta." Ta faɗa mata sunan da kanta.

Malamar ta zagaya bayan yarinyar ta kira ta. Ba ta motsa ba. Ta tafa hannu da ƙarfi, sai ta ɗan juya ta hagu. Daga nan ta dawo gabanta ta durƙusa, ta ɗaga mata haɓa, ta nuna bakinta da yatsa.

"Dube ni nan. Mi kinka ci a kasuwa?"

"Masara."

"Wa ya saya miki?"

"Gwaggo. Baba bai ci komai ba, tsoro yake ji."

Yayata ta fashe da dariya. Ni kuwa ban taɓa jin ta jera wa baƙo magana haka ba.

Sai malamar ta ce in aike ta ta ɗauko buta da ke jikin bango. Na yi yadda na saba, yadda ubana ya yi wa yayata, yadda duk mai kunyar ɗan fari ke yi a wurinmu. Na kau da fuska gefe na ce, "Ke, ɗauko butar can." Ita kuma ta yi yadda aka koya mata a gaban uba, ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Munka tsaya haka, ina kallon darbejiya, tana kallon ƙasa, buta na inda take.

"Malam," in ji malamar, "da itace kake magana ko da ɗiyarka?"

Ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali. Ta ce yarinyar na ji kaɗan, musamman da kunnen hagu, sauran maganar kuwa a leɓen mutum take tsintarta. Gwaggonta fuska da fuska suke wasa, shi ya sa take jin ta. A aji kuwa, da yake ta fi kowa tsawo, a baya aka zaunar da ita. Malami na rubutu yana magana da allo, ƙeyarsa kawai take gani. In ya juyo ya tambaye ta, lokacin da za ta ga bakinsa ke nan, sai ladabi ya sa ta sauke kai. Nan na tuna sojan da ke shinge, da hannuna a kan gwiwarta.

Na ce, "To Malama, ɗiya mace ta riƙa kafa wa manya ido? Mutane za su ce mun sake ta."

"Za su ce," in ji ta. "Ka gaya musu dalili, ka sake gaya musu. Amma in ta ci gaba da kallon ƙasa, ba ta da aji."

Ta ce ita ba likita ba ce, sai mun kai ta asibiti a Sakkwato a duba kunnen, wataƙila akwai abin da za a iya. Abin da ya shafi aji kuwa ba ya buƙatar a sayi komai. A dawo da ita gaba, kunnen hagu wajen malami. Malami ya gama rubutu kafin ya yi magana, ya juyo inda haske ke dukan fuskarsa. A zaunar da wata mai haƙuri kusa da ita tana nuna mata layin da ake karantawa. Ta ce kusan kowane aji akwai irin waɗannan yara a bencin baya, mai raunin gani, mai raunin ji, mai jinkirin ɗauka, duka an haɗa su an kira su daƙiƙai. Ba mugunta ce ta malamai ba, yawancinsu ba a taɓa nuna musu abin da za su duba ba.

Ba mu daɗe ba, don motocin komawa ba sa kai la'asar. Tsorona ya sauya: yanzu kada in manta abin da ta faɗa. Tun daga Isa nake maimaitawa ƙasa-ƙasa, gaba, hagu, haske, abokiyar zama. Dattijon Bafulatanin nan, da munka sake haɗuwa a mota, ya ga bakina na motsi ya ɗauka addu'ar hanya nake. Duk inda na numfasa sai ya ce amin. Ban gyara masa ba. Mun isa gida da sauran rana.

Washegari na ɗauki yarinyar munka je gidan malaminsu. Mai awon hatsi zai je ya gaya wa malami yadda zai tsaya a ajinsa? Na yi ta gaisuwa har ya ce, "Malam, mi ke tafe da kai?" Na faɗa masa duka, na roƙe shi ya gwada.

Ya ɗauko alli ya rubuta baƙaƙe a jikin ƙofa, ya juyo ya fuskance ta. Sai ta dube ni tukuna, tana neman izini. Na gyaɗa kai. Ta ɗaga ido ta kafa masa. Ya nuna baƙi ya faɗi sunansa, ta maimaita. Ya nuna wani, ta maimaita. Ya koma na farko bai ce komai ba, ta faɗa da kanta. Ya daɗe yana juya allin a hannunsa.

"A gaba ƙanana ne, za ta tare su," in ji shi.

Na ɗauka ya ƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ƙarshen benci, jikin bango." Ya ce zai bar mata gurbin a zangon da za a shiga ya gani. Ya ce ya san zai riƙa mantawa ya yi magana da allo, in ya yi ta ƙwanƙwasa benci. Har mun juya ya ce akwai wasu biyu a baya da su ma zai matso da su ya duba.

Zango ɗaya ne, ba alkawarin har abada ba. Tafiyar Sakkwato na gabana, kuma tun yanzu na fara rasa barci a kanta. Za ni kuma kai maganar taron iyaye da malamai. Abin da wannan tafiya ta koya mini shi ne, kafin a ce yaro ba ya ɗauka, a duba ko karatun na isa inda yake zaune. Mu duka abin da munka sani daidai ne munka yi, ni da kunyata, ita da ladabinta, malam da allonsa, yarinya kuwa tana tsakiya ba ta jin kowa.

Da yamma na same ta tana wanke kwanoni. Na tsuguna gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na tilasta wa kaina kallonta. Na ce mata in an buɗe makaranta za ta koma, a gaba za ta zauna. Ta daɗe tana kallon bakina har na fara tsoron ba ta gane ba. Sai ta rufe fuska da hannu mai kumfa tana dariya.

"Baba," in ji ta, "ashe kai ma kana da wushirya irin ta Gwaggo."