Abin da ke cikin kwamfutata

Shekara huɗu ina buga tambayoyin jarrabawa a wata makarantar kuɗi da ke Malali, duk a kan laftof ɗina. Zango biyu a jere tambayoyin suka fita tun kafin ranar jarrabawa. Aka yi zama, aka ɗora laifin a kan masinjanmu, wani dattijo Bakatsine da ke kai takardun wurin fotokwafi. Ya rantse har da hawaye, amma aka sallame shi. Ina cikin waɗanda suka sa hannu.

Bayan wata biyu kwamfutar ta fara ba ni wahala. Fankarta ba ta hutawa, ƙasanta ya yi zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, in na danna harafi sai na jira kafin ya fito. Ranar wata Asabar na hau keke Napep zuwa Unguwar Rimi, gidan yayata, wadda ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata.

Tana tsinkar zogale ta ce in kunna. Ta goge hannu, ta danna maɓallai uku, sai ga jerin duk abin da ke aiki a ɓoye.

"Ba ki buɗe komai ba, amma ƙwaƙwalwarta ta kusa cika. Wannan na saman shi ke cinye ta. Kin san shi?"

"Yaya, ni ina zan san shi?"

Ta ce sunansa ya yi kama da na kayan kwamfutar na asali, harafi ɗaya ne aka canza. Ta kashe shi, fanka ta lafa. Ba a yi minti ɗaya ba ya dawo da kansa. Nan ta ture farantin zogalen gefe, ta cire intanet, ta bi sawunsa har jakar fayiloli da yake zaune a ciki.

Hotuna ne fal a ciki, na fuskar kwamfutata, ɗaya bayan ɗaya. Ga tambayoyin lissafi na aji uku. Ga wasiƙar da na rubuta wa likita kan ciwon mahaifiyarmu. Ga ma takardar sallamar masinjan, rabinta a buge.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," shi ne kawai ya fito daga bakina. Na zame daga kujera na zauna a ƙasa.

"Yana ɗauka yana turawa waje," in ji ta. "Turawar ce ta maƙale, shi ya sa yake ta maimaitawa har kika ji zafin. Wa kika taɓa ba wa kwamfutar nan?"

Mutum ɗaya ne. Wani malami abokin aikinmu, wanda ya karɓe ta ya sa mini haruffan Hausa masu lanƙwasa. Ranar da aka sa abin ta yi daidai da ranar da ya karɓe ta. Shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya a zaman masinjan.

Yaya ta kwashe hotunan a filas, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, ta goge mugun abin daga kwamfutar tas. Ranar Litinin na ajiye filas ɗin a gaban shugabar makaranta. Malamin bai ƙara kwana uku a wurin ba.

Neman dattijon ya fi wuya. Sai da na yi tambaya gida gida a Rafin Guza, na same shi a ƙofar wani shago yana sayar da rake. Na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya dube ni. "Malama, wato na'ura ce?"

"Ita ce, Baba. Tawa."

"Ikon Allah. Ni ko kunna ta ban iya ba."

Ya ce ya yafe, amma ba zai koma ba. Abu ɗaya ya roƙa: a faɗi gaskiya a gaban yara a filin taro, inda aka sanar da korarsa. Ni na tsaya a filin na karanta bayanin.