Binnen Baffa da jirgin auna iska

Ana sallame sallar asuba muka ɗora akwatin jirgin a bayan mota, muka kama hanyar Gezawa. Aikinmu auna yanayi ne da ɗan jirgin nan maras matuƙi. Mu cilla shi sama, na'urorin jikinsa su karanto mana zafi da laima da inda iska ta dosa. Wannan karon aka ce ƙauyenmu za a je, can bayan Zakirai. Rabona da garin tun rasuwar Baba.

A Gezawa muka tsaya shan koko. Ƙosai dai yana nan, amma ya rame, tsada ta tsotse shi. Daga nan sai gonaki fes, an share an zuba taki, kowa idonsa na gabas.

Baffa, ƙanin Baba, ya tare mu a bakin gona. Ashe binne ya yi, ya shuka gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari. Kuma ba kowane gero ba, irin da Baba ya yi ta warewa da hannunsa ne, ko tafi guda bai rage a rumbu ba. In yayyafi ya tsirar da shi ruwa ya ɗauke, irin ya ƙare ke nan.

Jirgin na tashi kaji suka watse, sun zaci shirwa ce. Wata tsohuwa ta fito tana faɗa, wai mun firgita mata 'yan tsaki. Abokan aikina na dariya, ni kuwa na ƙura ido kan allon da ke nuna hoton da jirgin ke ɗauka. Ga gonarmu daga sama, ga gawon da Baba ke shimfiɗa buzu a gindinsa.

"Ɗan nan, me ya gano?" in ji Baffa.

"Laima ta ƙaru a sama, Baffa. Amma ba zan ce maka gobe ba."

"To, Allah ya kawo."

Da la'asar muka iso Kano. Na daɗe ina auna iskar garuruwan mutane, sai ran nan na san akwai mai kwana da tashi a kan abin da nake karantawa.

Ran Juma'a bayan an sauko Baffa ya kira. Bai ko yi sallama ba, sai rugugin ruwa nake ji a kan kwano kamar da bakin ƙwarya.

"Ka ji? Ƙasa ta sha. Yaushe za ka zo noma?"

Na ce ya fito min da fartanyar Baba.